Nazarin lamari: yadda sukarin wani maniyyaci ɗan Damagaram ya ƙi sauka a Makka

Asalin lamarin

Mutumin ɗan kasuwa ne mai shekara 56, mazaunin Damagaram, yana sayar da atamfa da shadda. Shekara 11 ke nan da aka gano yana da ciwon sukari irin na manya, kuma shekara biyar yana kan allura tun da ƙwayoyi suka daina riƙe shi. Insulin ɗinsa gauraye ne, wanda ake kira 30/70: kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai jinkiri, a kwalba ɗaya mai mililita 10. Kowace kwalba tana ɗauke da inite 1000, inite kuwa shi ne ma'aunin da ake ƙidayawa a jikin sirinji. Yana yin inite 26 da safe, 14 da magariba, rabin awa kafin ya ci abinci.

Wannan insulin yana da sharaɗi. Ɓangaren mai jinkiri na allurar safe yana kai ƙarfinsa ne daga hantsi zuwa la'asar, ko mutum ya ci ko bai ci ba, don haka abincin rana ya zama dole kuma a kan lokaci. A gida wannan bai taɓa zama matsala ba: koko da ƙosai ƙarfe 7, abinci daga gida zuwa shago ƙarfe 1, tuwo bayan magariba. Kwalbar da yake aiki da ita yana ajiye ta cikin ƙaramin tulu da aka binne rabi a jiƙaƙƙen yashi a inuwar ɗaki, saboda yawan ɗauke wuta. Awonsa na matsakaicin sukarin jini na wata uku, wanda ake kira HbA1c, kashi 8,1 ne. Gwajin ƙafa ya nuna jin tafin ƙafarsa ya ragu a ɓangarorin biyu.

Mako shida kafin tafiya

Ya biya kujerar Hajjin 2024, shi da babban ɗansa. A asibiti an yi masa rigakafin sanƙarau, an duba katin rigakafin shawara, aka auna ƙoda da hawan jini. Likita ya ba shi shawarar ya koma tsarin allura huɗu tun yana gida: mai dogon aiki sau ɗaya da dare, mai sauri kafin kowane abinci, domin ya saba kafin ya tashi. Bai yarda ba. "Likita, shekara biyar ina kan biyu lafiya lau, kada a rikita ni ana gobe tafiya," in ji shi. Kuɗin sabon insulin ɗin ma ya shiga cikin dalilinsa. Aka bar shi a kan tsarinsa.

Lissafin guzuri kuwa an yi shi daidai. Inite 40 a rana, kwana 40, ya kama 1600. Aka ninka saboda tsautsayi, ya tashi da kwalba huɗu: ɗaya da ya buɗe kwana 10 kafin tafiya, uku sababbi. Ya ɗauki sirinji 120 masu lambar U-100 daidai da kwalbar, da tsinken awo 150, da batir na biyu na na'urar awo, da kwalin sukari mai ƙwaya. An rubuta masa takarda mai sunan ciwon, sunan insulin da yawan da yake yi. An koya wa ɗan alamomin faɗuwar sukari: gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado. Ba a yi maganar yadda za a shirya kwalaben a cikin kula ba, kuma ba a ba su tsinken gwajin aseton na fitsari ba, wato gubar da ke fitowa in jiki ya rasa insulin.

Rana ta 1 zuwa ta 3: Damagaram zuwa Yamai, sai jirgi

Sun tashi a ƙarshen watan Mayu, tsakiyar zafi. Hanyar Yamai ta kusa kilomita 900, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a mota. Tsoron gidan duka zafi ne. Da daddare ɗan ya sayo ledojin ruwa da suka kwana biyu a injin ƙanƙara, sun yi tauri ƙwarai, ya jera su a ƙasan kula, ya ciro kwalabe ukun daga kwalayensu don su samu wuri, ya kwantar da su a kai, ya ƙara wasu ledoji a sama ya rufe. Kwalbar da aka buɗe ita kaɗai uban ya sa a aljihun jakar hannu tare da sirinji.

Ƙarfe 4 da rabi na asuba ya yi inite 26 kamar kullum, ya sha shayi da guntun burodi a tasha. Wajen ƙarfe 9 da rabi gumi ya karyo masa, ya fara maimaita tambaya ɗaya. Ɗan ya auna: giram 0,58 a lita. Duk abin da ya gaza 0,70 faɗuwa ce. Ya ba shi ƙwayar sukari uku a ruwa, kimanin giram 15, ya jira minti 15 ya sake aunawa: 0,74. Ya ƙara masa biyu, sannan da motar ta tsaya ya ci shinkafa da wake. Allurar ta zo awa biyu kafin lokacin da ya saba, abincin da ya bi ta kuma bai kai rabin na gida ba.

A filin jirgi sun yi abin da aka ce: insulin, sirinji da na'urar awo duk a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake lodawa a cikin jirgi ba, inda sanyi kan iya daskarar da shi, kuma akwati kan iya ɓata. Takardar likita ta wadatar a wajen bincike. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu. Tazarar da ba ta kai awa huɗu ba ba ta buƙatar a taɓa yawan allura, sai suka juya agogo da sauka suka ci gaba da lokacin can.

Rana ta 3 zuwa ta 14: Madina, da shiga Makka

Kwanakin Madina sun tafi da dama-dama. Awon safe yana tsakanin 1,20 da 1,60, na yamma yana kai 1,90. Abin da ya dame shi shi ne lokacin abinci. Abincin rana na masauki wani lokaci ƙarfe 1 yake zuwa, wani lokaci sai bayan la'asar, shi kuma yana zuwa masallaci da ƙafa sau biyar. Sau biyu sukarinsa ya sauka ƙasa da 0,70 kafin azahar. Daga nan ya riƙa sa dabino uku da biskit a aljihu yana ci ƙarfe 11, faɗuwar ta tsaya. Kwalabe ukun suna ƙofar firigon ɗaki, ba wanda ya ɗaga su ya duba.

Sun yi umara a rana ta 11 da dare. Ya rage allurar magariba daga 14 zuwa 11 bisa shawarar da aka ba shi tun gida, ya ci abinci kafin ɗawafi, ya auna kafin sa'ayi, wanda zuwa da dawowa bakwai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita uku. Ya gama da 1,10. A rana ta 14 kwalba ta farko ta ƙare.

Rana ta 15 zuwa ta 18: sukari ya hau

Ya buɗe kwalba ta biyu. Washegari, rana ta 15, awon safe 2,40. Ya ɗora laifin a kan shinkafa da lemun kwali da ake rabawa sadaka, ya daina shan lemun, ya rage shinkafa. Rana ta 16: 2,90 da safe, 3,20 da yamma. Ya ƙara allura da kansa zuwa 30 da 18. Rana ta 17 ya kai ta 34 da 20, ya bar abincin rana gaba ɗaya, ya yawaita shan zamzam saboda ƙishirwa ba ta barinsa. Dare ɗaya ya tashi fitsari sau shida. Wani abokin ɗaki ya ce wataƙila kwalbar ce ta lalace, sai aka buɗe ta uku. Awo bai motsa ba, wannan kuma ya sa suka cire zargi daga kan insulin, tunda a ganinsu kwalba biyu ba za su lalace tare ba.

Da safiyar rana ta 18 ya fara amai da ciwon ciki, ƙafafunsa ba ƙarfi. Ya ce tunda ba ya iya cin komai ba zai yi allura ba. Ɗan ya ce, "Baba, don Allah mu je wajen likitocin tawaga, wannan ya fi ƙarfinmu." Ya tallafe shi suka tafi.

A can na'ura ta nuna 410. Ɗan ya firgita, domin bai taɓa ganin lamba irin wannan ba. A Nijar da giram a lita ake faɗin sukari, a Saudiyya da miligiram a desilita, kuma giram 1 daidai yake da 100, don haka 410 shi ne 4,10. A ƙasashen da ke aiki da milimol, irin su Ingila, giram 1 yana kama 5,5. Tsinken fitsari ya nuna aseton alama biyu. Ma'anarsa jiki ya rasa insulin har ya koma ƙona kitse, gubar da ke fita daga nan tana taruwa a jini, ita ce ke kawo amai da ciwon ciki, kuma idan aka bar ta tana kai wa ga suma.

Ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo mata kwalaben. Ta mirgina ɗaya tsakanin tafukanta sau goma ta ɗaga ta wajen haske. Lafiyayyen insulin gauraye yana haɗewa ya zama fari bai ɗaya. Wannan kuwa ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, wasu ƙwayoyi fari sun manne a jikin gilashin, kuma cikin ɗan lokaci ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Ta huɗun da ba a buɗe ba ma haka take. Ta tambayi yadda aka taho da su, ɗan ya ba ta labarin kula. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8. Ƙanƙarar da ta fito daga inji kai tsaye tana iya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma kwalbar da ta jingina da ita ba kwali ba ƙyalle tana daskarewa. Idan ta narke, ba ta komawa yadda take.

Rana ta 18 zuwa ta 22: asibiti da sabon tsari

An tura shi asibiti a Makka, inda ake duba alhazai kyauta. Ya sha ƙarin ruwa, aka ba shi insulin mai sauri ta jijiya, ana auna sukari kowace awa, ana bin gishirin potasiyom na jini saboda insulin yana saukar da shi. Cikin awa 14 aseton ya ɓace, ya fara cin abinci. Ya kwana biyu.

Wajen sallama an yi taka-tsantsan da lissafi. Inite 54 da ya kai kansa a kwanakin baya da mataccen insulin ya yi su. Da ya yi 54 da mai rai, da ya faɗi a Mina. Aka koma kan 40 na asali aka raba: 20 na mai dogon aiki, gilarjin, ƙarfe 10 na dare, sai mai sauri 6 da safe, 8 da rana, 6 da dare. Dukansu a alƙalamin allura mai inite 300. Ƙa'idojin da aka rubuta wa ɗan da hannu su ne waɗannan. Mai sauri ba a yin sa sai abinci yana gabansa, in ba abinci ba allura. Mai dogon aiki ba a barin sa ko yana amai. In awo kafin abinci ya haura 1,50, a ƙara inite 1 a kan kowane 0,50. In ya haura 2,50 sau biyu a jere, a gwada aseton, a canza alƙalami, in bai sauka ba a nemi likita. In ya suma, a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a kira motar asibiti a 997.

An nuna musu aikin alƙalami: sabuwar allura kowane lokaci, a fitar da inite 2 a iska a ga ɗigo, a soka a ciki ko cinya, a ƙidaya goma kafin a zare. Kwana uku suka samu na gwaji a masauki. Awon safe ya dawo tsakanin 1,10 da 1,50.

14 zuwa 19 ga Yuni: kwanakin aikin Hajji

Daren fita Mina aka rage gilarjin zuwa 16, kashi 20 cikin 100, saboda tafiyar ƙafa da zafi, domin zafi yana buɗe jijiyoyin fata insulin ya shiga jini da sauri. Alƙalami biyu da ake aiki da su kawai suka ɗauka, da ɗaya na ajiya na kowane iri, sauran suka bari a ƙofar firigon masauki, nesa da bangon da ke yin ƙanƙara. Ɗan ya zura alƙaluman cikin safar auduga, ya jiƙa ta ya matse, ya sa a jakar raga da ya rataya ƙarƙashin lema. Duk awa biyu zuwa uku yake sake jiƙawa. Ba a sa safar a leda, domin sanyin daga bushewar ruwan yake fitowa, kuma busasshiyar iskar Makka tana taimakawa, hikimar tulun gida ce dai.

A Arfa, 15 ga Yuni, ya zauna a tanti, yana shan ruwa kofi ɗaya duk awa. Ya auna sau shida. Da azahar na'urar ta ƙi aiki ta nuna alamar zafi, sai da aka bar ta a inuwa minti 20. Abincin rana ya makara har ƙarfe 3, bai yi mai sauri ba sai da aka ajiye masa kwano, kuma sukarinsa bai sauka ƙasa da 1,05 ba. A Muzdalifa, bayan doguwar tafiya daga inda mota ta sauke su, ya auna 0,66 ƙarfe 2 na dare. Ƙwayar sukari uku da biskit suka dawo da shi 1,00.

Ranar salla, 16 ga Yuni, a hanyar dawowa daga jifa, igiyar takalminsa ta tsinke. Ya taka kwalta ba takalmi na ƴan mintuna kafin ɗan ya samo masa wani, bai ji komai ba. Da dare ɗan ya haska tafin ƙafarsa da fitilar waya kamar yadda aka umarce shi ya riƙa yi kullum, ya ga bororo biyu a ƙafar dama, babban ya kai faɗin santimita 3. Ba su fasa ba. A asibitin Mina aka wanke aka naɗe, aka hana shi takawa. Malamin tawaga ya ce mara lafiya yana iya wakilta wani a jifa, ɗan ya yi masa na sauran kwanakin. Ranar 17 ga Yuni zafi ya kai digiri 51,8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum fiye da 1300 suka rasu a Hajjin na wannan shekara. Shi yana cikin tanti ranar. Ɗawafin ifala a keken guragu ya yi shi, da dare.

Komawa gida da wata uku bayan nan

Ƙarfe 10 na daren Saudiyya ƙarfe 8 ne a Nijar, sai ya bar gilarjin a ƙarfe 8 bai motsa shi ba. A hanyar Yamai zuwa Damagaram an naɗe alƙaluman ajiya cikin tawul, a kwalayensu, aka sa kwalaben ruwa mai sanyi a kula maimakon ƙanƙara. Gyambon ƙafa ya warke cikin mako biyar ba tare da ya ci nama ba. Da alƙaluman suka ƙare, tsada da wuyar samu suka sa likitansa ya maye su da insulin na kwalba iri biyu a rabe: mai jinkiri safe da dare, mai sauri rabin awa kafin abinci. HbA1c bayan wata uku ya sauka zuwa 7,6.

Abin da lamarin ya nuna

Abin da ya kwantar da shi sanyi ne, alhali duk shirin gidan na tsoron zafi ne. Kwalbar da ta yi tafiya a aljihun jaka, ba ƙanƙara ba komai, ita ce ta yi aiki har ƙarshenta. Wannan bai saɓa wa abin da aka sani ba: kwalbar da aka buɗe tana ɗaukar kimanin mako huɗu a wajen firigo in ba rana ta buge ta ba, kuma binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna insulin yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Daskarewa kuwa sau ɗaya ta isa. Laifin bai kamata a ɗora shi kan ɗan ba, domin ba wanda ya nuna masa. Minti biyu na bayani a asibiti, cewa a bar kwalba a kwalinta a sa tawul tsakaninta da ƙanƙara, da ya hana kwanciyar nan.

Ninka guzuri bai amfana ba tunda an haɗa ajiyar duka a kula ɗaya. Da an raba, biyu wajen uba biyu wajen ɗa, da kwalba ta uku ta warware zargin maimakon ta rufe shi. Kwana uku aka ɓata ana rage abinci ana ƙara allura, kuma alamar tana nan tun ranar farko: sukari ya hau washegarin buɗe sabuwar kwalba, ba tare da wani abu ya canza a abinci ko lafiya ba. Tsinken aseton, da yana jakarsu, mai yiwuwa da ya tura su wajen likita tun kafin amai.

Tsarin allura huɗu ya riƙe shi a Arfa saboda ya raba allura da agogo ya haɗa ta da kwano. Amma koyon sa cikin kwana uku, bayan tashi daga gadon asibiti, sa'a ce da kuma ɗa mai lura, ba shiri ba ne. Mai ciwon da ya ƙi canji saboda kuɗi bai kamata a bar maganar a nan ba, tunda insulin na kwalba a rabe yana ba da kusan wannan sauƙin da kuɗi kaɗan, kuma mako shida sun isa a gwada shi a gida. Ƙafar ita ce inda aka bar gurbi har ƙarshe: mutumin da jin tafin ƙafarsa ya ragu bai kamata ya fita jifa da takalmi ɗaya tak ba, na biyu ya kamata ya kasance a jakar da insulin yake.